Jar Ƙasa

Fenti ya yi tsada a Taminus,
sai na gangara tsohon ramin kuza
na ɗebo jar ƙasa a gwangwanin madara.
Da ita na fara fuskar Kaka Barmo.

Daga Damagaram ya taho a ƙafa,
buzu a kafaɗa, haraji na bin sawunsa,
ya ɗauki kwanon kuza shekara talatin.
Hotonsa ko ɗaya ba mu da shi.
Hancin na aro wurin Inna,
idanun nawa ne, daga madubi.

Jiya a sakatariya
magatakarda ya jujjuya takardata:
"Asalinku fa, ina ne?"
Na ce Gangare. Ya turo mini abata.
Can Damagaram kuwa, da na je ta'aziyya,
ɗan Jos suke ce mini, suna dariyar rigar sanyina.

Maman Dung mai tumatir ta leƙo,
ta daɗe tana kallo.
"Wannan ai launin gonarmu ne."
Na ce, "Kakana ne."
Ta ce, "To."

Bayansa na bari fari.
Duwatsun Shere zan sa, ko rairayi?
Burushi ya bushe a hannuna,
ƙasar kuwa tuni ta kama ƙyallen.