Harbi na Biyar

Kakana Orval, can a gefen Laramie,
yakan buɗe gareji tun sanyi bai saki ƙasa ba.
Tukunyar ƙarfe a wuta, dalma a ciki
ta narke, tana hararar rufi da ido ɗaya.

Ya kwashe dattin saman da tsohon cokali,
cokalin kakata Wilma, wadda ta rasu bara.
Ya zuba, ya jira, ya ƙwanƙwasa mazubi da itace,
harsasai biyu suka faɗo kan tawul da zafinsu.
Ɗaya ya fito da tamoji irin na goshinsa.
"Koma tukunya," ya ce. "Kai kana da wurin komawa."

Ni aikina girgiza roba,
harsasai a ciki da garin fenti shuɗi,
sai tandar da muka daina gasa burodi a cikinta.
Suka fito jere, sumul, kamar ƙwan tsuntsu.

Ranar Asabar, bayan tudu.
Takarda jikin katako, taki ashirin da biyar.
Ramuka huɗu suka haɗa kai,
na biyar ya yi yaji, can gefe.

Ya leƙa bututun bindiga: fes, ba dalma a manne.
Ya daɗe yana duban ramin gefen nan.
Wai laifin iska ne.
Na ga hannunsa ya yi rawa,
shi ma ya san na gani.

Ya miƙo min bindigar da littafin lissafinsa,
ya ce, "Delia, rubuta: iska."
Ko ciyawa ba ta motsi.
Na rubuta.