Kura Cikin Awaki

A Farm Centre nake gyaran waya da rana,
in cire gilashi, in liƙa bakin caji,
hayaƙin dalma yana yaji a idona.
Da dare a Gyaɗi-Gyaɗi, in janareton maƙwabci ya fara tari,
sai in ja kwamfuta in koma kan wasana.

Ni na gina shi. Mutum goma sha biyu a garke,
biyu kuraye ne, sun yafa fatar awaki.
Dare ya yi, a ci ɗaya.
Gari ya waye, a hau zargi, a kaɗa ƙuri'a,
a kori wanda rantsuwa ta yi wa yawa a magana.

Lawisa ce ta kawo ƙorafi.
Ta ce, Tasi'u, kowa yana ganin sunan kowa,
wa zai tona yayansa a bainar jama'a?
Huda mana ƙofa ta baya,
a jefo saƙo a gudu, ba fuska, ba suna.

Kwana tara ina kai, shayi da burodi,
wuta ta zo, wuta ta tafi.
Na ƙera ɗan akwati a kusurwar allo,
na raɗa masa suna Raɗa,
na yi wa kowa alƙawarin amana.

Daren farko sai dariya.
"Ku dubi Rufa'i, shirunsa na kura ne."
Muka taru muka kore shi, ashe akuya ce,
ya aiko murya daga Kabuga yana Allah ya isa,
na yi ta kyakyaci har na riƙe cikina.

Mako bai cika ba akwatin ya soma wari.
"Badamasi, ina dubu arba'in ɗin adashe?"
"Shamsiyya, wa ya zauna miki jarrabawa?"
Wannan ba ya cikin dokar wasa.
Shamsiyya ta fita, ba sallama.
Badamasi ya daina gaisawa da Nafi'u a masallaci,
alhali Nafi'u ya rantse: wallahi ba hannuna.

Ran Laraba, ƙarfe ɗaya saura,
sai ga nawa:
"Gilashin da ka sa wa tsohuwar nan ta Sheka
jabu ne, ka karɓi kuɗin na asali."

Na karanta sau uku.
Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as,
ga fanka na juyawa, ga gumi a wuyana.

Abin da ban faɗa musu ba:
a bayan akwatin akwai rumbu,
kowane saƙo da lambar mai shi a gindinsa,
mabuɗin kuwa yana wurina.
Dannawa ɗaya.
Ko yaron shagona ne, Mubashshir, da ya ga kwalin?
Ko Lawisa, da ta zo karɓar caja ranar?
Ko wanda muke ci a kwano ɗaya kullum da rana?

Yatsana ya tsaya a sama
har ladan ya yi kiran farko a Hausawa.
In na gano shi, me zan ce masa?
Ka yi ƙarya? Bai yi ba.
Kura ba ta shigo daga daji ba,
tana nan zaune a kujerata, sanye da wandona.

Na share rumbun ban leƙa ba.

Da safe na hau adaidaita zuwa Sheka,
dubu shida a ninke cikin aljihuna.
Ban san gidan ba. Na dai tuna
mayafi ruwan ƙasa, da jikanta a fuskar waya.
Layi huɗu na bi ina tambaya,
masu shago suna kallona.

Da dare muka sake zama, mu tara,
kujeru uku babu kowa.
Wasa ya raba matsayi a asirce,
na buɗe nawa a hankali:
akuya, in ji shi.
Na daɗe ina kallon kalmar nan
a ƙarƙashin sunana.