Rijiyar Nomau

Shekara goma sha tara itatuwan turare
suna tsaye gabas da Sumarana,
dogaye, farare, ba su taɓa ba kowa ɗa ya ci ba.
Nomau ya ce ɓarayi ne.
Ya ce in ka kasa kunne a gindinsu da dare
za ka ji suna tsotsar rijiyarsa
kamar maraƙi a hantsar uwa.
Kowane rani sai ya ƙulla wa igiyar guga ƙari.

Ran da kamyo ya zo daga Maradi
da injin zarto mai gurnani,
shi ya kai wa masu sara fura.
Kwana shida. Sai kututture,
sai ƙamshin ganye da ya bi mu har shimfiɗa.

Kuma in faɗi gaskiyarsa:
damina ta farko ruwan rijiya ya hau.
Ya yanke gaba biyu daga igiya
ya ɗaure akuya da su,
yana dariya har da tari.

Amma ni wanki nake yi, na san ruwa ta wata fuska.
Da, in sama ta ɗauke,
ganye kan yi ta ɗiga har a kwashe tuwo,
ƙasa na kurɓa sannu, kamar mai jinya da kunu.
Yanzu ruwa baƙo ne mai sauri.
Ya faɗo, bai gaida kowa ba, ya yi ja,
ya kwashi turɓaya ya gangara Gulbi.
Ɗan abin da ya kwanta a kwari,
rana ta lashe shi kafin jibi.

Shekara ta uku kwazazzabo ya buɗe baki.
Ya ci hanyar lakwal,
ya ci fangali huɗu na albasar Kuluwa,
ya tura yashi har bakin rijiya.

Jiya na tarar da Nomau a tsugune
gaban wani kututture da ya yi toho,
wuƙa a hannunsa.
Ganye uku ne, jajaye, ba su kai ɗan yatsa ba.
Ya ce, Habsu, mai shanyewa da mai riƙewa,
ashe jiki ɗaya gare su?

Ban amsa ba.
Ina jiran laka ta kwanta a bokitina.
Da na ɗaga kai yana nan,
bai yanka ba, bai mai da wuƙar kube ba.