Goɗiyar da Babana Ya Bari

Babana ya bar min bashi da goɗiya,
bidi ce, Calandria, mai farin goshi.
In ta hangi linzami sai tutsu da huci,
haƙarƙari biyu ta karya wa ƙanena Anselmo.

Duk Tapalqué bakinsu ɗaya:
"Kai ta wurin Urquijo a birni,
mai dawaki casa'in, mai kofuna har rufi."
Na sayar da maruƙa uku, na yi hayar mota.
Bargarsa ta fi asibitin garinmu tsabta.
Ya fito da waya manne a kunne,
ya ba ni yatsu biyu a madadin hannu,
ya dubi takardar asalinta, ya dubi agogo,
ita kuwa, ko kallo.
"Ɗaki na sittin da huɗu. Kuɗin wata uku, yanzu."
Na ce zan yi shawara.
Ko sauke ta ban yi ba.

A hanyar dawowa taya ta fashe.
Mai faci, yana buga guduma, ya ce,
"Bayan injin iskan can akwai Hermelinda Quiroga.
Dawakinta huɗu. Ɗaya ma makaho ne."

Rumfar kwano, kaji, kare mai ƙafa uku.
Tsohuwa ce guntuwa cikin takalman mijinta marigayi.
Ba ta gaishe ni ba, goɗiyar ta gaisar.
Ta tsaya gefe, ta juya mata baya,
har na shanye ƙoƙon mate biyu,
har Calandria ta gaji da zargi
ta zo tana shinshinar ƙeyarta.
Sannan ta zura hannu a bakinta har wuya,
ta fito da yatsa jina-jina.
"Ba mugunta ba ce. Haƙori ne,
daidai inda ƙarfe ke zama.
Shekara nawa kuna dukan mai ciwo?"

Ban amsa ba. Na tuna bulalar babana.

Wata biyu babu sirdi, babu sukuwa,
sai yawo a bakin rafi kamar masu zuwa gaisuwa.
Anselmo ya ce na kai dukiyarmu gidan kaji.
Dare da yawa na kwana ina ba shi gaskiya.
Sau ɗaya na zo da mota zan ɗauke ta,
na tarar da tsohuwar na barci a kan harawa,
goɗiyar na tsaye a kanta tana kore mata ƙuda da wutsiya.
Na juya a hankali, kada in tashe su.

An ce suna linzami ne.
To, linzami ne ya ɓata bakin tawa.

Ranar tsere a Azul an yi yayyafi.
Jikar Hermelinda ce a kai, yarinya kamar tsinke.
Ba mu ci ba. Ta uku muka zo,
bayan dawakin Urquijo biyu.
Amma ta wuce layi kunnuwanta a tsaye,
bakinta babu jini,
kamar tana tambaya ko akwai saura.

Washegari sakataren Urquijo ya kira:
maigida ya ga goɗiyar, akwai ɗaki.
Na leƙa rumfa.
Hermelinda na sakace mata kofato da ƙusa,
tana ba ta labarin tsadar masara.
Na ce masa ya gaida maigida.