Hatimi Biyu

Tun asuba ruwa ke dukan kwanon barikin Nabua.
Sun yi layi ba riga, takalma a hannu,
direban bas, mai saran rake, malamin firamare,
sojan ko-ta-kwana, yau an kira sunansu.
Ni ce Salanieta, nas mai awon jini.
Hatimi biyu ne a teburina:
shuɗi na tafiya, ja na komawa gida.

Isikeli ya zauna, shekara arba'in da bakwai,
gishirin teku bai bar fatarsa ba.
Na ɗaura masa ma'auni a damtse,
allura ta hau, ta hau, ta ƙi saukowa.
"Shayi na sha da yawa," in ji shi.
Na bari ya huta, na sake. Ba ta canja magana ba.
Na raɗa lamba a kunnensa na hagu,
ya yi murmushi yana kallon bakina.

Sai ya sunkuyo. Guguwar bara ta ɗauke masa rufi,
'ya'ya huɗu na kwana ƙarƙashin tamfol.
Shekara guda a hamadar Sinai
kwano ne, da siminti, da kuɗin makarantar Merewai.
"Ido ɗaya za ki rufe, 'yar'uwa."
Na tuna nisan asibiti daga shingen da za a ajiye shi.
Na ɗauki ja. Hannuna bai yi rawa ba
sai daga baya, wajen wanke shi.

Na bayansa Peniasi ne, ɗan maƙwabciyata,
wanda na yi wa rigakafin ƙyanda yana tsala ihu.
Matarsa na da cikin wata bakwai.
Na daɗe ina sauraron ƙirjinsa,
ko zan ji zuciya ta yi ɗan tuntuɓe.
Na leƙa haƙori, na ƙwanƙwasa gwiwa,
na sa shi karanta layin ƙarshe na allo
har sau biyu.
Ya karanta tsaf. Garau yake, kamar ɗanyar kwakwa.
Ya kalli teburin, ya haɗiyi yawu.
Shuɗi.

Da yamma na gan su a tashar bas, laima ɗaya,
Isikeli na nuna masa yadda ake ɗaure bakin wando
don kada yashi ya ci ƙafa.
Ban tsaya ba.
Gobe saura mutum sittin da uku,
ga tawada a yatsana ta ƙi fita.