'Yar'uwar Kanwa

Ƙarfe biyun dare, janareta na tari a bayan ɗaki,
zafin Sakkwato bai san rana ta faɗi ba.
Ni da jarirai huɗu,
kowa a akwatin gilashinsa yana koyon rayuwa.

Na ukun ɗan Luba ne.
Bakwaini, bai kai rabin tiyar gero ba,
ko ragon suna ba a yi cinikinsa ba tukun.
A bayan a-kori-kura aka kawo shi, cikin zane uku,
tun daga Kwalkwalawa.

Takardar gwaji ta dawo: jininsa ya yi tsami.
Hannuna ya riga ni zuwa durowa,
'yar kwalba, ruwa garau kamar na randa,
bikabonet.
Likita Bunu ya ɗaga yatsa ɗaya:
"Sista Tumba, a yi dakatawa.

Jijiyoyin da ke cikin kan nan
zaren gizo-gizo ya fi su ƙwari.
A tura wannan da gaggawa, ɗaya na iya tsagewa,
ba kuka, ba ƙara,
sai jini ya sami wurin kwana a ƙwaƙwalwa.

Mu gyara masa numfashi tukun.
Wani tsamin, iska ke korewa."

Ban ce komai ba. Na tuna wata yarinya,
shekara tara ke nan, gado na biyu daga taga,
da maɗigarta ta taso ta yi tauri a ƙarƙashin yatsana
kamar fatar kalangu.
Allurar ce? Zuwa da wuri ne?
Na tambayi littafi, na tambayi matashin kaina,
har yau ba mai amsawa.

A baranda kakar yaron, Inna Ige,
ta rungume fulas ɗin kunun mai jego.
"Ɗiyata, mi anka ba shi?"
"Ba mu ba shi ba, Inna. Mun fasa.
Wani magani ne, 'yar'uwar kanwa."

Ta yi dariyar da ba ta da sauti.
"Shekara talatin ina saida ta Tsohuwar Kasuwa,
ja da fara da ungurnu.
Ɗan ƙanƙane shi ka tausasa wake.
Ki cika hannu, tukunya ta yi kumfa ta kashe miki wuta.
Ba banza anka ce mata uwar gami ba.
Ashe har nan tana da dangi!"
Ta gyara zama, ta koma ga carbinta,
ƙwaya na bin ƙwaya, ba tsayawa.

Na mai da kwalbar inda take.
Na gyara robar hancinsa, na ƙara iska kaɗan.
Duk sa'a ina zira hannu ta ƙofar gilashi
in ɗora yatsa a tsakar kansa,
a hankali, yadda ake taɓa ƙwai
a gaban kazar da ke kallo.
Taushi. Taushi. Har yanzu taushi,
tana bugawa.

Hoton kai sai takwas, in mai na'ura ya zo da wuri.
Ban yi wa kowa alkawari ba.

Ladanin Gawon Nama ya fara gyaran murya.
Inna Ige ta tsiyaya kunu a murfin fulas,
ta miƙo mini ta taga.
Na kurɓa sau biyu.
Daidai ta sa kanwa.