Tukunya ta Arba'in da Bakwai

Ƙarfe biyar na asuba a Can Tho,
kogi bai gama miƙa ba,
masu kwale-kwale na rataye abarba a kan gora,
ni kuwa ina ɗakin gilashi
ina ƙirga gawa.

Tukwane ɗari biyu da sha shida,
kowace da shinkafarta, kowace da lambarta.
Ni ke shayar da su gishiri da gangan,
in ja kujera in ga wadda za ta ƙi mutuwa.
Digirina na biyu ke nan.
Da na yi wa kakata bayani, cewa ta yi:
"Tuyen, ashe har kisa ake koyarwa a jami'a?"

Bakin ganye ke fara ƙonewa,
ya nannaɗe kamar tabar tsoho,
sai fari, sai shiru.
Rana ta tara, saura sittin.
Rana ta sha huɗu, saura bakwai.
Rana ta ashirin da ɗaya
ta arba'in da bakwai kaɗai ke tsaye,
kore shar, kamar ba a gidan makoki take ba.

Daren nan ban runtsa ba.
Na ga sunana a mujalla.
Na ga gonar babana a Ben Tre,
inda ruwan teku ke hawowa duk rani
ba sallama,
ya bar farin ɓawo a bakin kunya,
na gan ta ta sunkuya da nauyin zangarniya.

Farfesa Khuu ba ta yi murmushi ba.
Tsugunawa ta yi, ta ɗaga tukunyar,
ta leƙa gindinta.
Tsaga ce, siririya kamar gashi.
Ta nuna rufi: ga inda ruwan sama ke ɗiga.
Gishirina zurarewa yake tun farko.
"Ba jaruma ba ce," in ji ta, "sa'a ta yi.
Soke ta."

Wata bakwai.
Jan biro bai ɗauki daƙiƙa biyu ba.

A aljihuna akwai wasiƙa
daga kamfanin iri a Saigon:
ofis mai sanyi, albashi duk wata, ganawa Litinin.
Loc ya karɓi nasa tun bara,
ya yi kumatu, ya sayi babur.
A fam ɗin sun bar layi uku:
me kika gano a bincikenki?

Asabar na tafi gida.
Baba ya tsoma yatsa a magudana, ya lasa,
ya ce huɗu.
Na tsoma na'urata mai tsadar saniya,
ta ce huɗu da ɗigo ɗaya.
Ya yi dariya har sai da tari ya kama shi.

Na ba shi labarin tukunyar.
Bai ce sannu ba.
Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara,
ciki jar shinkafa, ba ta cika tafi biyu ba.
"Daga lungun gabas, wajen kwakwar nan.
Bara duk gona ta ƙone, ita ta tsaya.
Ko jaruma ce, ko sa'a ta yi,
ke ce mai karatu."

Litinin na goge farar riga.
Motar Saigon ƙarfe bakwai take tashi,
amma ƙafa ta bi da ni ɗakin gilashi.
Na kife tukwane ɗaya bayan ɗaya,
na ɗaga kowace a hasken fitila,
na liƙe rufi da hannuna.
Ƙasa ta shiga farcena, ta hau hannun rigar.

A mota na buɗe fam,
gwangwani na kaɗawa a cinyata.
Layi uku suka bayar.
Na rubuta: a fara duba gindin tukunya.
Biyun na bar su
sai abin da jar shinkafa ta ce.